Hannun Anti Mai Bango

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau aka fara kwas ɗin da na shekara uku ina jira: safarar mutane da bautar zamani. Mu arba'in da ɗaya a ajin da aka gina wa mutum ashirin, fanka ɗaya ke juyawa, ita ma kamar an yi mata dole. Dokta, malamar kwas ɗin, ta haska mana hotuna a jikin bango: maza a jirgin kamun kifi da suka shekara ba su taka ƙasa ba, mata a ɗakin da ba taga, masu buga bulo daga kaka har jika a fili ɗaya. Ina cikin kallo sai na ji wani a bayana yana ɓare gyaɗa yana cewa, "Dokta, wannan zai fito a jarrabawa?"

Na juya na zabga masa harara har sai da ya mayar da gyaɗar aljihu. Wai irin waɗannan ne za su fita su riƙe ofisoshi.

Na dawo ɗaki ina ta faɗa, 'yar ɗakinmu na ninke kaya ko ɗagowa ba ta yi ba. Ba banza muke ce mata Ruwan Sanyi ba. Da na gaji ta ce, "Ke da masifa tana 'yanta bayi, da tuni kin gama aikin." Ban yi dariya ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na je yin kwafin takardar da Dokta ta ba mu, alamomi goma sha ɗaya da ake gane wanda aka bautar: an karɓe masa fasfo, an kulle shi, an raba shi da waya, da sauransu. Shagunan bayan laburare ne, takwas a jere ƙarƙashin kwano ɗaya, duk warin gam da takarda mai zafi. Tun ina aji ɗaya wajen Anti mai bango nake zuwa, shago na uku. Ita ke ɗinke wa ɗalibai kundin kammala karatu ta sa masa bango, kuma ba a taɓa jin nata ya ɓalle ba. Mace ce mai babbar murya, in tana faɗa da mai kawo takarda har cikin laburare ana ji. Lauya take ce mini, wai ko gaisuwa ba na amsawa sai da gardama.

Kowa a layin ya san labarin hannunta na hagu: injin manna bango ne ya kama ta a wata maɗaba'a a ƙasar waje, inda ta koyi sana'ar. Fatar bayan hannun ta tattare, yatsu biyu ba sa lanƙwasawa. Da shi take danne takarda kamar ba komai.

Tana jiran injin sai idonta ya faɗa kan takardar. Ta karanta har ƙasa, ta sake komawa sama.

"Lauya, masu rubuta wannan sun manta ɗaya."

Na ce wanne?

"Takalmi. Shi ake fara kwashewa. Wanda ba takalmi ina za shi?"

Ta miƙo mini kwafina ta kira na bayana.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Takalmi. A ina ta sani?

Talata, 18 ga Fabrairu

Dokta ta ce duk mai son kundinsa ya yi fice sai ya kasance da muryar wanda abin ya faru da shi, ba tsince-tsince daga littattafai ba. Kuma wanda ya fi kowa, sashe zai tura sunansa neman gurbin digiri na biyu.

Shi ke nan aji ya haukace. A baranda yanzu ba ka jin komai sai, "Kin samu taki?" "Ni na samu nawa, amma ba ya son magana." Kamar ana neman gado a hostel! Mai gyaɗa har cewa ya yi wanda ya samu biyu ya ara masa ɗaya. Na ce masa mutane ne ba kujeru ba, kuma in ya sake buɗe mini baki sai na kai shi gaban Dokta. Ya ce, "To 'yar gaskiya, ke kin samu?"

Ban samu ba. Amma ni ba don maki nake yi ba, Allah ya sani.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Sau uku ina zuwa shagon Anti da kwafin da ba na buƙata. Yau ta ce, "Lauya, takardun nan jiya ma kin yi su. Faɗi abin da ke bakinki." Na faɗa, ina in-ina kamar ba ni ba. Ta ci gaba da shafa gam a bayan wani kundi. Can ta ce in zo Asabar ta sama, in an rufe layi da azahar.

"Ba don ke ba. Don a ƙara takalmin nan a takardarku."

Asabar, 8 ga Maris

Awa biyu da rabi, ƙofa a sakaye, wayata na naɗar murya a kan injin yankan takarda.

Wata mata mai tura 'yan aiki waje ce ta ce ta samo wa Anti aikin kanti. Ta bar 'yarta mai shekara uku wajen mahaifiyarta ta tafi. A filin jirgi wani ya karɓi fasfo, wai zai buga hatimi ya dawo. Ba kanti. Gida ne mai hawa uku, mutum goma sha huɗu, ita ke wanki da guga da goge-goge. Ranar farko uwar gidan ta kwashe takalmanta, har silifas na bayi. Shekara huɗu ana kulle ƙofa ta waje.

Hannun ba inji ba ne. Wata riga ce ta ƙone a wajen guga. Uwar gidan ta kama hannun ta shimfiɗa a kan teburin, ta ɗora dutsen gugar. Anti ta faɗe shi kamar tana karanta mini farashin takarda, ni ce nake kuka kamar wawiya, har ta miƙo mini tsumman goge gam ta ce in share.

Ranar da ta fita, mai kawo tukunyar gas ne ya bar ƙofa a buɗe da rana tsaka. Ta taka kwalta ba takalmi har tafin ƙafarta ya yi bororo. Ta faɗa wata ƙaramar maɗaba'a, matar mai wurin ta ɓoye ta wata takwas, a nan ta koyi ɗinkin littafi. Ashe rabin labarin da layi ya sani gaskiya ne.

Na karanta mata takardar amincewa ta sashe: za a canza suna, za a canza gari. Ta sa hannu. Sannan ta rufe wayata da tafinta.

"Ki rubuta komai. Ki rubuta takalmi da babban baƙi. Hannun nan dai ki bar mini shi."

Na ce ai ba za a sa sunanta ba.

"Wa ke neman suna in ya ga hannu? Mijina kaɗai ya sani. 'Yata tana makarantar koyon jinya, shekararta goma sha tara, ita dai ta san uwarta ta je neman arziki ta dawo da sana'a. Ni zan gaya mata da bakina, ranar da na zaɓa. Kuma shekara goma sha ɗaya ina layin nan ana jin tsoron bakina. Ba na son a fara gaishe ni da ƙaramar murya."

Na yi mata alkawari. Har rantsuwa na yi, ba ta ma nema ba.

Litinin, 10 ga Maris

Da ina da iko da matar nan mai dutsen guga... Ban iya cin abinci ba. Mai gyaɗa ya tambaye ni ko na samu, na wuce shi kamar ban ji ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Doka ce sai malama ta ga duk hirar a rubuce kafin a zaɓi abin da zai shiga babi na huɗu. Na ja layi a gefen zancen hannu na rubuta "ba za a sa ba". Yau Dokta ta kira ni ofis. Ta zagaye wurin da jan biro har sau biyu.

"Wannan kike son cirewa? Ai nan ne zuciyar aikin. An karɓe fasfo, an kulle ƙofa, kowa ya karanta wannan sau dubu. Dutsen guga ne zai hana mai karatu barci."

Na ce matar ta hana.

"Yana cikin takardar da ta sa wa hannu?"

Ba ya ciki.

"To. Ki canza abin da za a canza. Wa zai karanta kundin ɗaliba ban da mu huɗu? Ki yi tunanin matan da ke cikin irin gidan nan yanzu haka. Shirunki wa zai amfana?"

Na fito ina jin haushinta. Wai a ce mai koyar da wannan kwas ce ke faɗin haka.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Amma fa ba ƙarya ta yi ba. In ba a faɗi mugun abu yadda yake ba, wa zai motsa?

Na sa zancen hannun a babin, amma na mayar da shi hannun dama. Na rage mata shekara bakwai, na mayar da 'yar ta zama ɗa, na ce teloliya ce. Ko mijinta ba zai gane ba. Ruwan Sanyi ta leƙo kan kwamfutar ta ce, "Ba wannan ne kika ce ta hana ba?" Na ce ta bar abin da ba ta sani ba, ita da ke karanta lissafi me ta sani game da bincike. Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan gadonta.

Babin ya yi kyau. Ban taɓa rubuta abu mai kyau irinsa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kwafi huɗu sashe ke so, da shuɗin bango. Duk ajinmu wajen Anti suke kaiwa. Ni ba zan iya ba. Ba wai don wani abu ba, kawai bai dace ta ga labarinta a rubuce ba, zai tayar mata da hankali.

Na san Alhamis da yamma take fita sarin kwalin bango. Na jira har na ga shago na uku a rufe, na wuce can ƙarshen layi, shago na takwas, wajen dattijon da ake ce wa Gidan Rediyo. Ya karɓi filash ɗina yana ta zuba, daga tsadar tawada har ciwon gwiwarsa. Ya ce in dawo Asabar, shi ba ya ɗinke aiki sai ya bi shafi-shafi ya ga ba wanda ya juye.

Na ji daɗin dabarata.

Litinin, 19 ga Mayu

Na miƙa kundi a sashe da safe. Dokta ta ce ta riga ta yi wa shugaban sashe maganata.

Ranar Asabar da na je karɓa, Gidan Rediyo bai yi surutu ba. Idonsa ja. Ya ce, "Allah ya saka miki, 'yata." Na ɗauka yabon aikin yake.

Talata, 20 ga Mayu

Inna lillahi.

Na biyo ta layin da hantsi. Shiru, layin da ko da yaushe kamar tasha. Mai laminatin, maƙwabciyarta mai lulluɓe takardu da leda, ta gaishe da Anti a hankali, har da ɗan rusunawa. Mai kawo takarda, wanda kullum sai sun yi kaca-kaca, ya sauke kaya ya jera mata su da kansa ya tafi sumui-sumui.

A kan teburinta akwai kwali. Sabon takalmi, baƙi, mai taushi. 'Yan layi ne suka haɗu suka saya mata.

Gidan Rediyo ya karanta babi na huɗu. Hannun dama, teloliya, ɗa namiji, duk bai sa ya yi minti ɗaya yana tunani ba. Mace ta yi shekara huɗu a waje, ta dawo da ƙunar hannu, kuma ɗalibar da kullum ke zaune a shago na uku ce ta rubuta. Ya ce kuka ya yi. Ya gaya wa matarsa, ya gaya wa mai laminatin don su san yadda za su riƙa lallaɓa ta. Kafin a rufe layi ran Asabar duk shagunan sun sani. Har ƙarin kwafi ɗaya ya buga na babin, wai don kada a ce ƙarya yake.

Kwafin yana hannunta. Ta ce in shigo in sakaya ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Hannun dama," ta ce. "Sannu da ƙoƙari."

Na fara bayani. Na ce don duniya ta sani ne, don matan da ke can har yanzu, don amfanin...

"Ita ma da ta kwashe takalmana cewa ta yi don amfanina ne, kada in fita in ɓata a garin da ban sani ba."

Ta ɗaga mini kwafin.

"Na ba ki shekara huɗu na rayuwata kyauta. Abu ɗaya na ce nawa ne. Ɗaya, Lauya."

Ta buɗe shafi na sittin da biyu ta nuna da yatsan da ba ya lanƙwasawa. "Nan kuma kin ce an ceto ta. Wa ya ceto ni? Ke? Da ƙafata na fita." Ta ɗauki biro ta soke kalmar, ta miƙo mini. Sannan ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefe har na fita.

Laraba, 21 ga Mayu

Tsohon banza mai bakin ganga! Wa ya ce ya karanta? Aikinsa ya ɗinke, ba ya bi layi-layi kamar shi ne mai jarrabawa ba. Na je na wanke shi tas a gaban shagonsa. Ya tsaya yana murza hula a hannu yana cewa, "Wallahi tausayi ne, 'yata, ban yi da mugunta ba." Tausayin banza. Da tausayin nasa ya kashe ta.

Daga nan na wuce ofishin Dokta. Ta saurare ni tana duba waya. Ta ce abin bai yi daɗi ba, amma in kwantar da hankalina, ban karya ko layi ɗaya na takardar amincewa ba. "Takarda ta kare ki." Ni! Takardar da aka ce an yi don ta kare su, ashe mu take karewa. Shekara nawa suna ba ɗalibai wannan takarda, ba wanda ya taɓa tunanin barin fili a rubuta abin da mutum ya ce a bar masa? Kuma sashen da ke koyar da rufin asirin mutane shi ke tura mu mu kai asirin shagon kwafi, kwafi huɗu da shuɗin bango!

Duk na faɗa mata. Ta ce in fita in dawo in na huce.

Asabar, 24 ga Mayu

Na kwashe komai na gaya wa Ruwan Sanyi: Gidan Rediyo, Dokta, takarda, sashe. Ta bari har na kai aya.

"Duk na ji. Tambaya ɗaya: me ya sa ranar ba ki kai wa Anti ɗinkin ba?"

Na ce ai na gaya mata, don kada hankalinta ya tashi.

"Hankalin wa?"

Na ɗauki bokiti na tafi wanki. Kayan ma ba su yi datti ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Abin da ake gudu.

'Yar Anti ta zo hutun kwana uku, ta biyo shago ta karɓi makullin gida. Anti ta zagaya. Mai laminatin ta rungume yarinyar tana kuka tana cewa ta riƙe uwarta da kyau, ba kowa zai sha abin da ta sha ya rayu ba. Yarinyar ta ce me ta sha?

A bakin layi ta ji. A tsaye, da jaka a kafaɗa, daga bakin mai laminatin.

Gidan Rediyo ne ya tare ni ya gaya mini, wa kuma. Wannan karon ban zage shi ba. Na nemi zagin na rasa.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na rubuta wa sashe cewa na janye babi na huɗu gaba ɗaya. Dokta ta cire tabarau ta dube ni kamar na zauce. Ta ce ba babi na huɗu ba binciken fili, ba binciken fili ba za a saurari kundina a wannan zangon ba. Sai in sake wani, in fita bayan 'yan ajinmu. Maganar gurbin digiri na biyu kuma in manta.

"Ihu bayan hari kike yi. Wanda zai sani ya riga ya sani."

Na ce na sani. Amma kwafi ɗaya laburare za shi, ya zauna a kan kanta shekara da shekaru, taku hamsin daga shagonta.

Sai da na yi kwana biyu ina zarya kafin na haɗa kwafi huɗun. Ɗaya har ya tafi wajen malamin da zai zo daga wata jami'a, sakatare ya dawo da shi yana tsaki.

Na kira Umma na ce ba zan fita bana ba. Ta ce, "Faɗuwa kika yi?" Na ce a'a. Ta ce to me? Na ce alkawari na karya. Ta ce, "Ke da bakinki ai na san wata rana." Ban gyara mata ba, ko da yake wannan karon ba bakin ba ne.

Litinin, 2 ga Yuni

Na kai wa Anti huɗun, da na biyar mai gyaran bironta. Na goge muryar daga wayata a gabanta. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce tafi ba. Ta farke ɗinkin Gidan Rediyo tana tsaki, wai ko ɗinki bai iya ba. Ta zare shafi na hamsin da ɗaya zuwa saba'in daga kowanne, ta jera a ƙarƙashin wuƙar injin, ta danne da hannun hagu, ta ja. Sau shida. Suka koma siraran zare ta share su cikin kwando.

Na ce ta yafe mini.

"Yafiya ba ta da wuya. 'Yata kwana biyu ba ta yi mini magana ba, rana ta uku ta zo ta kama hannun tana dubawa kamar majinyaciya. Ni na haife ta, yanzu ita ke tambayata ko na ci abinci." Ta kakkaɓe teburin. "Wannan za ki mayar mini?"

Kwalin takalmin na nan a ƙarƙashin tebur, ko buɗe shi ba a sake yi ba.

Da zan fita ta ce, "Takalmin dai ki kai musu. Shi na ba ki tun farko."

Litinin, 30 ga Yuni

Shago na uku a rufe, an cire allon. An ce ta kwashe injinanta ranar Lahadi, ba ta yi sallama da kowa ba. Kwalin ta bar shi a ƙofar shago na takwas.

Wata guda ta jure ana gaishe ta a hankali.

Juma'a, 18 ga Yuli

'Yan ajinmu sun kare kundinsu. Mai gyaɗa aka tura sunansa. Na jira in ji raina ya ɓaci, ya ɗan ɓaci, ba kamar yadda na zata ba.

Talata, 16 ga Satumba

Sabon zango. Ina zama a bayan ajin 'yan ƙasa da mu, don sabon kundina a kan takardar amincewar nan ne: abin da take tambaya da abin da ba ta tambaya. Dokta ta ce batu ne busasshe, ba zai hana kowa barci ba. Ta dai sa hannu.

Yau ta raba takardar alamomi. Goma sha biyu ne yanzu. Na ƙarshe: an kwashe masa takalmi. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Bayan lacca wata yarinya mai zafin kai ta tare ni, idonta na ƙyalli, ta gama faɗa da wani da ya yi dariya a aji. Ta ce an ce bara na samu wata mai labari mai ƙarfi, in taimaka mata da lambarta, ita ba don maki take yi ba.

Na ce ban san kowa ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na ɗauko littafin nan daga farko ina dubawa. Mai gyaɗa, Dokta, Gidan Rediyo, sashe, takarda, ba wanda ban wanke ba. Na iya zagi, ba laifi. Shafin 8 ga Maris ne ya tsaya mini. Ruwan Sanyi na da almakashi, in ta dawo zan ara in yanke shi.

Yau na ga Anti. Ina cikin bas, cunkoso ya tsayar da mu, sai na ji murya tun kafin in ga mai ita. Wani ƙaramin shago, tana tsaye a ƙofa da hannu a ƙugu tana wanke wani mai kawo takarda, wai ya kawo mata mai laima. Shi ma bai raga mata ba, yana ta ɗaga murya yana cewa ta cika fitina, kullum sai ta samu abin cewa. Ta ce a bakinsa. Mutane na wucewa ba wanda ya ko waiwaya.

Har na miƙa hannu zan buga wa direba. Sai na mayar da shi kan cinyata.

Da yamma Gidan Rediyo ya tare ni a layi, ya ce don Allah ko na ji inda ta koma, yana son ya je ya ba ta haƙuri. Na ce Allah ya sa tana lafiya.

Wace unguwa ce, bas mai zuwa ina, ba zan rubuta ba. Ko a nan.